Yarinyar da Aka Ɓoye wa Cuta

Nuan ba ta ko ajiye jakarta ba Ajan Wirot ya leƙo ofishinta, hular tiyata a kansa, ƙarfe bakwai da rabi na safe. Ajan, wato malam, ake ce wa manyan likitoci a can. Shi ne babban likitan dashen hanta a asibitin, kuma mutum ne da ba ya gaisuwa sai ya gama faɗin abin da ya kawo shi.

"Saurayin nan da ya faɗi a babur, an tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta mutu. Uwarsa ta sa hannu, ta ce a ɗauki abin da zai amfani wani. Shekararsa ashirin da huɗu, ba ƙiba, ba giya. Na ga hoton hantar." Ya ɗan dakata. "Irin wadda ake rabawa ce."

Nuan nas ce, amma shekara uku ke nan rabonta da yi wa wani allura. Aikinta waya da takarda: ita ke riƙe da jerin masu jiran hanta, ita ke kiransu ranar da aka samu. Ta san wannan hanta ta Kawu Sawai ce, tsohon direban bas da ke saman jerin. Ta kuma san idan hanta ta yi kyau haka, ana iya yanke ɗan ɓangarenta na hagu, wanda bai fi tafin hannu ba, a ba jariri, babban ɓangaren kuma ya ishi babba. A shekara ba a cika samun irinta sau uku ba.

"Kanun," in ji ta.

"Ita kaɗai ce jininta da nauyinta suka dace. Ƙarfe ɗaya za mu shiga. Kafin sha biyu ina so in ji tana cikin mota, kuma babu zazzaɓi. In ban ji ba, ɗungurungum zan cire hantar in ba Sawai. Ba na yanka hanta a kan wataƙila." Ya juya, sannan ya waiwayo. "Ina kwana."

Kanun wata goma sha ɗaya gare ta. An haife ta hanyar ruwan maɗaciyarta a toshe, aikin da aka yi mata tana wata biyu bai ci ba. Idanunta sun yi rawaya, cikinta ya kumbura, hannuwanta kamar tsinke. An gwada uwarta Lamyai ko za ta iya ba ta wani yanki na tata hantar, jini bai dace ba. Uban kuma shi ma yana da nasa ciwon hantar. Likitar yara ta faɗa wa Nuan a hankali cewa ba lallai yarinyar ta ga ƙarshen damina ba.

Nuan ta danna lambar Lamyai. Muryar inji ta ce wannan lamba ba ta aiki. Ta danna ta uban, wanda ke aikin gini a Bangkok. Ita ma haka. Ta ce a ranta ruwan sama ne ya taɓa layi, ta tashi ta tafi ɗakin Kawu Sawai, wanda aka kwantar tun da asuba.

Ta same shi zaune a bakin gado, matarsa tana ninke masa kaya.

"Kawu, ka tuna takardar da ka sa wa hannu bara, cewa ka yarda a raba?"

"Takardu da yawa na sa wa hannu, 'yata. Har da na auren wannan." Matar ta harare shi.

Nuan ta sake yi masa bayani, idonta a kan takarda. Wurin da aka yanka zai iya ɗigar ruwa, ya ƙara kwanaki a gado. Yana da ikon cewa a'a, kuma ba wanda zai ji haushinsa.

"Wa za a ba ragowar?"

"Ba a faɗa, Kawu. Ƙaramin yaro ne dai."

"Shekara talatin ina jan bas daga nan zuwa Bangkok. Ban taɓa barin mace da goyo a bakin titi ba don an ce kujera ta cika. A matsa a ba su wuri."

"Shi ya sa duk 'yan sandan hanya suka san fuskarka," in ji matar.

"Ki yi shiru, yau ranata ce."

Da Nuan ta koma ofis ta sake kira har sau shida. Ba ruwan sama ba ne. Ƙarfe takwas da rabi ta nemi ƙaramin asibitin da ke kula da ƙauyen su Lamyai, tafiyar awa biyu da rabi daga birni. Wata nas mai suna Tiwa ta ɗauka. 'Yar kudu ce, wata huɗu da turo ta can, kuma daga muryarta an san ba ta gama sabawa ba.

"Yaya Nuan, lambar katin da kika ba ni ta fito, amma ba da sunan da kika faɗa ba. An canza shi mako uku da suka wuce. Wani dogon suna ne yanzu. Kai, har uwar ta canza nata."

Nuan ta rufe ido. Ba sai an faɗa mata ba. An je wurin mai duba, ya dubi ranar haihuwar yarinyar ya ce sunanta bai dace da ita ba, ya dubi lambobin waya ya ce suna jawo cuta. Rabin mutanen da ta sani sun taɓa yin haka. Mai ba da magani a bene na biyu sau biyu tana canza suna. Amma yawanci marasa lafiya sukan faɗa mata.

Sai ta tuna. Mako biyu da suka wuce, bayan an duba Kanun, Lamyai ta tsaya a bakin ƙofar ofis da wata takarda a ninke. A lokacin Ajan Wirot yana ciki, yana ba ɗalibai dariya da labarin wani da ya canza suna sau uku amma bai canza kwalbar da yake sha ba. Lamyai ta tsaya, ta tsaya, sannan ta mayar da takardar cikin riga ta tafi. Nuan ta gan ta sarai. Ta so ta kira ta, amma ɗaga murya a gaban Ajan abu ne da ba ta taɓa iyawa ba. Ko a taro, in tana da magana, rubutawa take ta miƙa wa na kusa da ita.

"Tiwa, don girman iyayenki ki hau babur ki je gidan. Ki kuma sa motar asibitin yankinku ta je ta tsaya a ƙofar haikali."

Ƙarfe tara da minti arba'in Tiwa ta kira, tana haki.

"Gidan a kulle. Ba kaji ma a tsakar gida. Na tambayi wata tsohuwa tana daka gwanda a maƙota, na ce ina Kanun. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce babu yarinya mai wannan suna a garin nan. Na je shago, mai shago ya ce babu yarinya mai wannan suna a garin nan. Kalma ɗaya ba su bambanta ba, Yaya, kamar an koya musu. Na karanta musu sabon sunan, sai kowa ya kama duba farcensa."

"Fararen kaya ne a jikinki?"

"To me zan sa?"

Nuan ta dafe kai. Ita ma 'yar ƙauye ce, kuma a gidansu an yi wa ƙaninta haka yana goye. Idan cuta ta nace wa yaro, ba suna kaɗai ake canzawa ba. Ana ɗauke shi daga gidan a kai shi wani wuri, a roƙi duk gari su rufe baki, don in abin da ke binsa ya zo tambaya a ce masa babu. Ba don mugunta ake yi wa baƙo ƙarya ba. Ba a dai san da wace siffa abin zai zo ba. Ga kuma baƙuwa cikin fararen kaya, da harshen da ba na gari ba, tana bi gida-gida tana kiran tsohon suna.

Sun ɓoye yarinyar, kuma sun iya ɓuya.

"Ki je wurin mai gari," in ji Nuan. "Ki ba shi wayar."

Neman mai gari ya ci kusan awa guda, don yana gona kamar kowa. Lokacin aikin shinkafa ne, garin duk ya watse cikin ruwa. Da Tiwa ta dawo da shi gida a bayan babur, agogon bangon Nuan yana nuna sha ɗaya saura kwata.

"Likita," in ji shi, don a ƙauye duk mai aikin asibiti likita ne, "na ji bayani, kuma abin ya taɓa ni. Amma ban san inda take ba. Maganar mata ce. Matata ta sani, in na tambaye ta sai ta tambaye ni ko na ci abinci."

"Baba, akwai lasifika a ƙofar gidanka."

"Akwai, har baki huɗu. Har gonakin gabas ana ji."

"Ka yi shela."

"In ce me? In kira tsohon suna, in tashi abin da aka kwantar? In kira sabo, in zama ni na tona ta? Kakar yarinyar nan, Kaka Kham, ita ta yanke mini cibiya. Da kanta ta zo nan ta riƙe hannuna ta roƙe ni. In na buɗe baki, a wane gari zan kwana?"

"Baba, in sha biyu ta yi..."

"Na ji, na ji. To ga wata. Lasifikar nan ta hukuma ce, ke ma hukuma ce. In kina da magana, zan kara wayar a bakin abin magana. Hannuna ne zai yi aiki. Bakina ba ya ciki."

Nuan ta dubi ofishin. Sakatarori biyu suna zaune, sun daina buga komai. Ƙofa a buɗe, mutane suna wucewa.

Ta fara da harshen aiki, wanda ta koya a makaranta. "Sanarwa daga sashen dashen gaɓoɓi na asibitin koyarwa. Ana neman iyayen wata majinyaciya..." Ta ji muryarta tana dawo mata ta cikin wayar, siririya, tana rawa, tana yawo a kan gonakin da ba ta gani. Ta kai ƙarshe ta tsaya.

Tiwa ta karɓi wayar. "Yaya, ina hango su daga nan. Ko mutum ɗaya bai ɗago kai ba. Sun ɗauka maganar allurar karnuka ce."

Tun shekararta ta farko a makarantar nas, da 'yan aji suka kwaikwayi yadda take magana har ta yi kuka a banɗaki, Nuan ba ta sake yin yaren gida a gaban mutanen birni ba. Ko uwarta ta kira, sai ta fita bayan gini take amsawa.

"Mayar da wayar," in ji ta.

Ta miƙe tsaye, ta juya wa ofishin baya, ta fuskanci bango.

"Iyayena, kakannina, sannunku da aiki." Yaren ya fito da kansa, da faɗinsa da nauyinsa, kamar bai taɓa tafiya ko'ina ba. "Ni 'yar Dong Bang ce, ta hayin kogi. Uwata ma yanzu haka tana duƙe cikin ruwa kamar ku, kuma bayanta na ciwo kamar naku. Ba zan kira sunan kowa ba. Akwai wata 'ya da kuka ɓoye. Tun safe nake nemanta da waya da inji da babur, ban same ta ba. In ni ban same ta ba, to wancan abin ma bai same ta ba. Kun riƙe ta har ranar ta zo. To, yau ce ranar. Wata uwa ta rasa ɗanta, ta ce a ɗauki hantarsa a ba mai buƙata, kuma akwai rabon 'yarku a ciki. Amma in sha biyu ta yi, shi ke nan, ban san ranar da za a sake samu ba. Ba na so kowa ya faɗa mini inda take. Kada ku faɗa wa nas, kada ku faɗa wa Baba Mai Gari. Motar asibiti na tsaye a ƙofar haikali, bayanta a buɗe. Wanda ya san hanya ya san abin yi. Kuma daga yanzu kada a ba ta nono, ko ta yi kuka. Kada a ba ta ruwa, kada a tauna mata shinkafa. Kaka, da ke nake."

Da ta juyo, Ajan Wirot yana tsaye a bakin ƙofa, hannuwa a aljihu. Ba ta san tun yaushe ba.

"Rabi na gane," in ji shi. Ya dubi agogonsa. "Saura minti hamsin da biyar." Ya wuce.

Tiwa ta hau saman matakalar gidan mai gari, ta zama idon Nuan.

"Sun miƙe. Duk sun miƙe tsaye, suna kallon juna. Ba wanda ya motsa... Yaya, ba wanda ya motsa fa. Tsaya. Wata mai jar hula ta jefar da damin da ke hannunta. Tana fita. Ta hau babur, ba ta ko wanke ƙafa ba. Ta yi gabas ta kan kunyar gona. Wata ma ta bi ta. Matar mai gari ce! Baba, matarka ce!"

"Ban ga komai ba," in ji muryar mai gari daga nesa.

Daga nan sai jira. Sha ɗaya da kwata. Sha ɗaya da rabi. Ɗaya daga cikin sakatarorin ta ajiye wa Nuan ruwa, ba ta taɓa ba. Tiwa ta koma ƙofar haikali, ta ce mutane sun fara taruwa, ba mai cewa komai, kowa ya zo da laka har gwiwa ya tsaya kamar hanya ce ta biyo da shi. An fara yayyafi.

Sha biyu saura minti ashirin Nuan ta ji ƙarar da ta sani tun tana yarinya, tak-tak-tak ɗin motar noma, tana tahowa ta cikin wayar. Sai hayaniya ta ɓarke.

"Ga su! Ga su nan!" in ji Tiwa. "A bukkar gonar wata gwaggo suke ashe, can bayan tafki. Tsohuwar ce ke riƙe da ita, ta lulluɓe ta da rigar namiji. Ku matsa! Ku ba ni hanya mana!"

"Auna zafin jikinta."

Kukan jaririya ya shigo wayar, ƙarami, a gajiye.

"Talatin da bakwai. Babu zazzaɓi. Ƙarfe goma ta sha nono."

Sai wata murya ta shigo, tana shessheƙa. Lamyai ce. "Yaya Nuan, ki yafe mini. Na zo in ba ki sabuwar lambar, na ji Ajan yana dariya, sai kunya ta kama ni. Na ce sai wani zuwan..."

"Na gan ki ranar. Ni ya kamata in kira ki. Shiga mota, ƙanwata, ma yi kukan in kin zo."

Nuan ba ta rubuta saƙo ba. Da gudu ta hau bene, ta tura ƙofar ɗakin da likitocin tiyata ke sauya kaya, inda ba ta taɓa shiga ba sai ta ƙwanƙwasa sau biyu.

"Tana cikin mota! Babu zazzaɓi!"

Ajan Wirot yana ɗaure takalmi. Ya dubi agogo: saura minti takwas. Ya juya wurin na kusa da shi. "A buɗe ɗaki na uku. A kira Ajan Kesorn. Za mu raba."

Ƙarfe ɗaya aka shigo da saurayin. Kafin kowa ya taɓa wuƙa, duk ɗakin suka haɗa tafin hannu suka sunkuya. Ajan Wirot ya kira sunansa, ya yi masa godiya, ya nemi afuwarsa kan abin da za a yi wa jikinsa. Nuan tana tsaye a jikin bango da takardunta, tana rubuta lokacin kowane abu.

A cikin jiki ake rabawa, zuciya na bugawa, don a ga kowace ƙaramar jijiya da ke zubar da jini a ɗaure ta tun a nan. Aiki ne na haƙuri. Awa biyu ana bin layi ɗaya a hankali, ana ɗaurewa, ana ƙonawa, ana matsawa gaba kamar faɗin ƙwayar shinkafa. Ajan Kesorn, likitar da za ta yi wa jaririyar aiki, gajeriyar mace ce da sai an sa mata abin takawa. Ita da Ajan Wirot sun shekara ashirin suna faɗa a kan abu ɗaya.

"Ka bar mini jijiyar nan da tsawonta."

"Nawa ma mutum ne."

"Naka jijiyarsa kamar tiyon ban ruwa. Tawa kamar zaren ɗinki. Da me zan haɗa?"

"Kullum haka kike cewa."

"Kullum kuma gaskiya nake faɗa. Matsa hagu. Ƙara. Yauwa, ashe kana da kirki."

Ana cikin haka aka aiko wa Nuan cewa motar ta iso, kuma akwai rigima a ƙasa. Ta sauka ta tarar da Kaka Kham, 'yar ƙaramar tsohuwa mai baƙin haƙora, ta dunƙule hannun jikarta cikin nata. Wata nas tana tsaye riƙe da 'yar robar shaida da ake ɗaura wa majinyaci a hannu, wadda injin asibiti ya buga da tsohon suna.

"Ba za a ɗaura mata wannan ba," in ji Kaka Kham. "Mako uku muna kwana da sauro a bukka. Yanzu ku rubuta a hannunta ku nuna masa?"

"Kaka, doka ce," in ji nas ɗin. "Ba a shiga tiyata babu shi."

"To a fasa."

Nuan ta karɓi takardar canjin suna daga hannun Lamyai, ta je ta zauna a kan mai rajista har sai da ya gyara, lambar kati ɗaya, suna sabo. Aka sake buga komai, har takardar jini. Da ta dawo ta durƙusa ta ɗaura da kanta, tsohuwar tana bin haruffan da yatsa duk da ba ta iya karatu ba.

"Ke ce mai lasifika?"

"Ni ce, Kaka."

"Bakinki da kaifi. A gaban duk gari kika ce da ni kike." Ta jawo kunnen Nuan kusa da bakinta. "A gida Kop muke ce mata. Kwaɗo. Wa zai wahalar da kansa ya ɗauki kwaɗo? Kada ki faɗa da ƙarfi."

"Kin ba ta wani abu a hanya?"

"Ko ɗigo. Na dai sha zagi a wurinta."

Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna hantar ta rabu. Aka ɗora kowane ɓangare a sikeli: babban ya haura kilo ɗaya, ƙaramin giram ɗari biyu da talatin. Aka sa su a kwano biyu cikin ruwan sanyi, ɗaya ya yi dama zuwa ɗakin Kawu Sawai, ɗaya ya yi hagu. Nuan ta bi na hagun. Tana nan tsaye lokacin da Ajan Kesorn ta gama ɗinkin jijiyoyi ta ce a saki jini. Ɗan yankin ya kwanta a cikin yarinyar, fari-fari, sanyi ƙalau. Sai ja ya fara shigarsa daga gefe guda, ya bazu, ya cika shi kaf, ya yi taushi yana sheƙi. Ajan Kesorn ta ɗan taɓa shi da yatsa, ta sauke numfashi, ta ce a je a faɗa wa wancan marowacin jijiyarsa ta isa.

Dukan ayyukan biyu sun ƙare lafiya a ranar. Kwana uku Kawu Sawai ya fara takawa, yana tura sandar ƙarin ruwa yana yi mata ƙarar birki. Kop kuwa an cire mata injin numfashi a kwana na biyu, a na huɗu aka bar ta ta kama nono.

Safiyar kwana na biyar, Ajan Wirot yana zagayen marasa lafiya da ɗalibai goma sha biyu a bayansa, Nuan a can ƙarshe da takardunta. Sai aka ji ihu daga ɓangaren yara. Kaka Kham ce ta fito da gudunta na tsufa, hular asibiti a karkace, ta ɗaga wani abu sama da hannu biyu. Nas biyu suna bin ta suna cewa Kaka tsaya, ba a fita da shi. Ba ta tsaya ba sai a gaban Ajan. Ta buɗe masa nafkin ɗin jikarta a ƙarƙashin hanci.

Tun da aka haifi yarinyar kashinta fari ne kamar alli, don ruwan maɗaciya bai taɓa isa hanjinta ba. Wannan kuwa rawaya ne, rawaya sosai, kamar gwaiduwar ƙwai.

Ɗaliban suka ja da baya. Ajan Wirot ya zaro tabarau daga aljihu, ya sa, ya sunkuya ya duba da kyau kamar mai karanta wasiƙa.

"Ku matso," ya ce wa ɗaliban. "Ku matso mana, me kuke toshe hanci? Wasunku za su yi shekara goma a aikin nan ba su ga abin da ya kai wannan kyau ba."

Lamyai tana bakin ƙofa, tana dariya hawaye na zuba. Wata nas ta miƙo hannu da leda za ta karɓi nafkin ɗin. Kaka Kham ta janye shi.

"Tukuna," in ji ta. "Gajeriyar likitar ba ta gani ba."

Ta ɗaga shi sama ta nufi matakala.